Ƙimar Malami a Idon Ɗalibi: Gininta da Tsaronta a Ƙasar Daura

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda malami ke gina ƙimarsa a idon ɗalibansa da yadda yake tsare ta, inda aka ɗauki ƙasar Daura a matsayin farfajiyar nazari. An fara da rarrabe kalmomin da Bahaushe ke auna darajar mutum da su, sannan aka bi tarihin malamin allo da na boko domin a ga inda kowannensu ya samo girmansa. An kuma fito da abubuwa biyar da ɗalibi ke duba malaminsa da su a cikin aji. Maƙalar ta nuna cewa a al'umma irin ta Daura, inda malami da iyayen ɗalibansa ke salla a masallaci ɗaya kuma suke cin kasuwa ɗaya, ƙimar da aka gina a aji ba ta zama sai gari ya shaide ta. Daga ƙarshe an duba rawar da hukuma ke takawa wajen ɗaga wannan ƙima ko zubar da ita.

1.0 Gabatarwa

Koyarwa sana'a ce da ba ta yiwuwa sai da yardar wanda ake koya wa. Maƙeri na iya lanƙwasa ƙarfe da wuta da guduma, amma malami ba ya iya zuba karatu a kan yaron da ya riga ya raina shi. Saboda haka maganar ƙimar malami ta wuce jin daɗin malamin shi kaɗai. Ta shafi ko yaro zai iya karatu da rubutu bayan shekara 6 a firamare, ta kuma shafi ko uba zai bar 'yarsa ta ci gaba da zuwa makaranta bayan ta fara tasawa. A ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, uba ba ya neman manhaja ya karanta kafin ya yanke wannan shawara. Malamin da ke zaune a garin yake kallo, daga halinsa kuma yake yi wa makarantar hukunci.

Masanin zamantakewar nan Erving Goffman, a littafinsa The Presentation of Self in Everyday Life na 1959, ya kwatanta rayuwar jama'a da wasan kwaikwayo. A ganinsa kowane mai sana'a yana da dandamalin da yake fitowa gaban masu kallo, yana kuma da bayan fage inda yake sakin jiki ba mai ganinsa. Wannan ra'i ya dace da malamin babban birni, wanda ke tashi daga makaranta ya shiga mota ya nufi unguwar da ba wanda ya san shi. Bai cika dacewa da malamin ƙasar Daura ba, domin shi bayan fagensa ƙarami ne ƙwarai. Ɗalibin da ya koyar da safe shi ne zai kawo masa aike da rana, shi ne kuma zai tsaya kusa da shi a sahun Magariba. A kan wannan bambanci aka ɗora bayanin da ke tafe.

2.0 Kalmomin Auna Darajar Mutum

Bahaushe yana da kalmomi da dama masu kusancin ma'ana a wannan fage, kuma rarrabe su na taimakawa. Mutunci abu ne da ake zaton kowane baligi yana da shi har sai ya zubar da shi da kansa, shi ya sa ake cewa mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Girma yakan zo ne ta hanyar shekaru ko muƙami ko asali. Kwarjini shi ne abin da ke sa a sassauta murya in mutum ya shigo, ko da bai ce uffan ba. Ita kuwa ƙima kalma ce da aka aro daga Larabci, asalin ma'anarta farashin abu. Wannan asali yana da muhimmanci, domin mai kaya ba shi kaɗai ke yanke wa kayansa farashi ba, sai da kasuwa. Haka malami yake: yana iya shirya kansa yadda ya so, amma ɗalibai da iyayensu ne ke yi masa ƙima.

Akwai kuma tsoro, wanda sau da yawa ake rikita shi da kwarjini. Alamar da ke raba su ita ce abin da ke faruwa in malami ya juya baya. Ajin da ke tsoron malami yakan kaure da hayaniya da zarar ya fita, ɗaliban kuma su laƙaba masa sunan da ba za su faɗa a gabansa ba. Ajin da ke ganin kwarjininsa yakan ji kunyar ya dawo ya tarar da ɓarna. Kishiyar duka waɗannan ita ce raini, wanda in ya shiga tsakanin malami da ɗalibi da wuya bulala ta fitar da shi.

A laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar, wadda aka buga a 1974 da sunan Mutumin Kirki, ya tattaro siffofi 10 da Hausawa ke gane nagartaccen mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Abin lura shi ne babu ilimi a matsayin siffa mai zaman kanta a cikinsu. Ke nan mutum na iya zama masani bai zama mutumin kirki ba. Malamin da ɗalibai ke girmamawa shi ne wanda ya haɗa biyun.

3.0 Malami a Tarihin Ƙasar Daura

3.1 Malamin Allo da Malamin Zaure

Daura na cikin tsofaffin garuruwan Hausa Bakwai, kuma kalmar "malam" ta daɗe da nauyi a tarihinta. Wanda ya jagoranci jihadi a Daura a farkon ƙarni na 19 Malam Isiyaku ne. Wanda Turawa suka ɗauko daga Zango a farkon ƙarni na 20 suka mayar wa gidan Haɓe da sarauta ta hannunsa shi ma Malam Musa ake kiransa. M. G. Smith, mawallafin The Affairs of Daura na 1978, ya nuna a wani nazari da ya yi a 1959 kan matsayin jama'a a ƙasar Hausa cewa malamai na cikin rukunin da ke bin masu sarauta a daraja.

Malamin allo ba shi da takardar shaida, ba shi da albashi. Abincinsa na fitowa daga gonarsa da kuɗin Laraba da sadaka da zakkar hatsi. Wannan ya sa ƙimarsa da abincinsa suka zama abu ɗaya: in jama'a suka daina ganin girmansa, sai su kwashe 'ya'yansu, tsangayar ta watse. Matsayinsa kuma a bayyane yake ga kowa, domin tsarin yana da matakai sanannu, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, har a kai alaramma da gwani. Ba wanda ke kiran kansa gwani. Sai ya zauna gaban gwanaye an ji karatunsa, an ga rubutunsa. Malamin zaure, mai karantar da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, shi ma ana tambayar wurin wa ya yi karatu kafin a zauna gabansa.

Ban da karantarwa, malamin nan shi ke raɗa suna, ya ɗaura aure, ya sallaci gawa, ya sasanta ma'aurata, a wasu lokuta ya raba gado. Ɗalibi yana tasowa yana ganin mahaifinsa na cire takalmi a ƙofar zauren malam yana cewa "Allah ya gafarta malam". Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya ƙarfafa aƙidar cewa ilimi ba ya amfanar wanda bai girmama malaminsa ba, abin da Bahaushe ke kira albarkar karatu. Duk da haka al'adar ba ta bar malami sakaka ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi suka mai zafi ga miyagun malamai, kuma a Nurul Albabi ya zargi waɗanda ke karantar da ɗaliban waje don neman suna alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Tun a wancan zamani, ke nan, ana auna malami da abin da ke cikin gidansa.

3.2 Malamin Boko

Ilimin boko na gwamnati ya fara a Arewa da makarantar Hans Vischer, wato Ɗanhausa, a Nasarawar Kano a 1909. A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda aka kafa musamman don horar da malamai. A 1934 aka haɗa masarautar Daura da ta Katsina aka yi Lardin Katsina, don haka yaran Daura da suka gama elementare Midil ta Katsina suke wucewa. Wannan hanya ce marigayi Muhammadu Buhari ya bi: ya yi firamare a Daura da Mai'aduwa, ya shiga Midil ta Katsina a 1953, sannan ya wuce Sakandaren Lardi.

Malamin boko ya iso ne cikin zargi. Iyaye da yawa na ganin karatun Nasara ne, wasu har ɓoye 'ya'yansu suke yi in an zo ɗaukar yara. Abin da ya taimake shi abu biyu ne. Na farko, ya gaji sunan "malam" daga takwaransa na allo, kamar yadda malamin haraji da malamin gona da malamin asibiti suka gada, sai ya zama dole ya yi ƙoƙarin ɗaukar halin da sunan ke buƙata. Na biyu, ma'aikacin En'e ne mai albashi duk wata, mai keke da agogo, wanda ke karanta wa mutanen gari wasiƙa. Aikin kuma tsani ne: Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci, Aminu Kano kuma ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Yaron da ke kallon malaminsa a lokacin yana kallon mutumin da gobe zai iya zama wakili ko minista.

Wannan hoto ya fara sauyawa da shirin ilimin firamare kyauta na 1976. An buɗe makarantu a ƙauyuka fiye da yawan ƙwararrun malaman da ake da su, aka cike giɓin da waɗanda aka yi wa horon gaggawa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara don ɗaga iliminsu. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, albashin malaman firamare ya riƙa makalewa tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Keke da agogo suka daina zama abin kallo, ɗan kasuwar kan iyaka da ɗan siyasa suka sha gaban malami a idon yara. Daga nan malamin boko ya koma matsayin da malamin allo ya daɗe a kai: ƙimarsa sai wadda ya nema da halinsa.

4.0 Abubuwan da Ɗalibi ke Auna Malami da Su a Aji

4.1 Sanin Abin da Ake Koyarwa

Yara ba su san manhaja ba, amma suna gane malamin da ya shirya darasi da wanda ya zo cika lokaci. Malamin da ke juya wa aji baya yana kwafe littafi a allo har a buga ƙararrawa, ko wanda ke fusata in an yi masa tambaya, ya riga ya sanar da ɗalibai iyakar saninsa. A nan al'adar zaure tana da darasi, domin manyan malamanta ba sa jin kunyar cewa "Allahu a'alamu, sai an duba". Malamin da ya ce zai bincika, kuma washegari ya dawo da amsa, ya ƙara wa kansa daraja, ya kuma koya wa yara yadda ake neman ilimi. Zuwan wayar salula ya ƙara tsananta wannan jarrabawa, musamman a sakandare da manyan makarantun garin irin su Kwalejin Yusufu Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, inda ɗalibi ke iya duba maganar malami a intanet tun bai fita daga aji ba.

4.2 Adalci

A gari mai sarauta da dangantaka kamar Daura, aji ɗaya na iya haɗa ɗan hakimi da ɗan attajiri da ɗan mai unguwa da ɗan Fulanin ruga da ɗan malamin kansa. Idon kowane yaro na kan yadda za a yi da waɗannan. Wa aka naɗa monita? Wa ya makara aka kau da kai? Wa ya faɗi jarrabawa aka ƙara masa maki? Yaro na iya yafe wa malami zafin rai, amma da wuya ya manta ranar da aka hukunta shi aka bar ɗan wane a kan laifi ɗaya. Malaman da suka daɗe a aikin sukan raba takardun jarrabawa a aji su bar kowa ya ga inda ya rasa maki, domin rufe ƙofar zargi ya fi sauƙi a kan wanke kai bayan an yi shi.

4.3 Tazara

Bahaushe ya ce: ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Malami kuwa kullum ana ganinsa, don haka sai ya san yadda zai kusanci ɗalibi ba tare da sabo ya zama raini ba. Wannan ya fi wahala ga matashin malami wanda tsakaninsa da manyan ɗalibansa bai wuce shekara 5 ko 6 ba, wanda watakila ƙungiyar ƙwallonsu ɗaya ko majalisarsu ɗaya. Iyakokin da aka saba kiyayewa sanannu ne: malami ba ya rance a hannun ɗalibi, ba ya zagin abokin aikinsa a gaban aji, ba ya aiken ɗalibi sayen abin da zai ji kunyar a gan shi da shi, ba ya keɓewa da ɗaliba. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne nauyi, domin zargi ɗaya a kan malami ɗaya na iya sa iyayen unguwa guda su janye 'ya'yansu mata. Dalili ke nan da ya sa shirin tallafa wa 'yan mata su yi karatun koyarwa su koma ƙauyukansu, wanda aka fara a 2008 a jihohin Katsina da Bauci da Neja da Sakkwato, ya ɗauki samar da malama 'yar gari a matsayin hanyar samun yardar iyaye.

4.4 Sutura da Harshe

Sutura saƙo ce tun kafin a buɗe baki. Nana Asma'u ta gane haka a ƙarni na 19, lokacin da take naɗa wa jajis ɗin 'Yantaru malfa da jan ƙyalle domin a san cewa da izini suke karantarwa. Abin da ɗalibi ke nema a jikin malaminsa tsafta ce da kamala, ko da kaftanin ɗaya ne ake wankewa ana gogewa. Harshe kuwa ya fi sutura tasiri. Malamin da ke ashar ko yake zagin iyayen yaro ya sauko da kansa zuwa matsayin sa'an faɗa. Akwai kuma wata matsala da ta shafi masu nazarin Hausa kai tsaye. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a wancan lokaci a koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankinsu a shekarun farko na firamare, amma wasu malamai na ganin kwarjininsu na cikin Turanci, har su riƙa cin tarar yaron da ya yi Hausa. Sakamakon shi ne aji mai shiru wanda ba ya fahimta. Malamin da ya iya warware lissafi ko kimiyya da Hausa mai kyau, sannan ya ɗora Turancin a kai, shi ne wanda tsofaffin ɗalibai ke tunawa.

4.5 Horo

Bulala ta daɗe a makarantun allo da na boko, iyaye da yawa kuma na ɗaukarta a matsayin shaidar cewa malami na aiki. Amma ko a al'adance akwai bambanci tsakanin horo da huce haushi, kuma yara na gane bambancin. Ƙa'idojin aikin malamai na Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka ta 31 ta 1993 kuma aka fi sani da TRCN, sun taƙaita dukan ɗalibi ƙwarai. Abin da ya faru a Daura a watan Oktoba na 2019 ya nuna ƙarshen girman da aka ɗora a kan tsoro. A lokacin 'yan sanda suka shiga wani gidan mari da ke garin suka fito da mutane da dama, wasunsu da sasari a ƙafa da tabon duka a jiki, makonni kaɗan bayan irin wannan samame a Rigasa ta Kaduna. Iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu wurin a matsayin amana. Ranar da aka ga abin da ke ciki, ɓacin sunan bai tsaya a kan gida ɗaya ba, ya shafi dubban malaman tsangaya da ba su taɓa ɗaure kowa ba.

5.0 Shaidar Gari

Duk abin da malami ya gina a aji, gari ne ke sa masa hannu. Yaron da aka yi wa darasi a kan gaskiya da safe yana jin mahaifinsa da dare yana ƙorafin bashin da malam ya ci a shagonsa ya ƙi biya. Yarinyar da malama ta yi wa faɗa kan tsafta tana shiga gidan malamar ɗebo wuta. Ana lura da ko malami na zuwa jam'i, ko yana gaisuwar mutuwa, ko yana zama a majalisar da ake cin naman mutane, da kuma yadda 'ya'yansa suke. A lokacin zaɓe ana lura da ko ya zama ɗan koren wani ɗan takara, domin rabin ajinsa 'ya'yan ɗaya ɓangaren ne. Yanzu kuma Facebook da WhatsApp da TikTok sun zama sabuwar majalisa, inda abin da malami ya rubuta cikin fushi ke isa wayar ɗalibinsa kafin gari ya waye.

Neman abin rufin asiri ba ya zubar da ƙima a wannan al'umma. Yawancin malaman karkara manoma ne, suna shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, wasu na kiwo, wasu na taɓa kasuwanci a kasuwar Mai'aduwa ko ta hanyar Kwangwalam. Bahaushe na girmama mai neman na kansa. Inda matsala take shi ne in aji ya zauna ba malami ranar kasuwa, ko in aka kwashi yara lokacin darasi aka kai su gonar malam. A tsangaya aikin gona wani ɓangare ne na yarjejeniyar da uba ya sani, domin malam ke ciyar da almajiri. Malamin boko kuwa an riga an biya shi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan sa ido yana da daɗinsa. Malamin da gari ya shaida ba ya buƙatar gabatar da kansa ga sabon aji, domin yayyen yaran, wani lokaci ma iyayensu, sun riga sun ba su labarinsa. Shi ake kira ya zama wakilin ango, shi ake ba ajiyar kuɗin ginin masallaci, shi tsofaffin ɗalibai ke tsayawa su gaisar ko sun zama manyan ma'aikata.

6.0 Hannun Hukuma

Ba adalci ba ne a ɗora wa malami shi kaɗai nauyin ƙimarsa. Hukuma na iya ɗaga ta, tana kuma iya zubar da ita. Ta ɗauki matakai na mayar da koyarwa ƙwararriyar sana'a: an sa takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta samar da hukumomin kula da ilimin farko a jihohi, TRCN kuma ta fara jarrabawar tantance malamai a 2017. A ranar 5 ga Oktoba 2020, wato Ranar Malamai ta Duniya, gwamnatin Buhari ta yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, a 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayarsu 65 na haihuwa ko 40 na aiki. A 2023 aka kafa hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda aikinta ya shafi malaman tsangaya.

Sai dai takarda ba ta sayen hatsi. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin zirga-zirgar malamin da ke zaune a Daura yana koyarwa a ƙauyen Baure ko Sandamu, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ya tarar da farashi ya riga ya yi nisa. Malamin da ake bi bashi a kowace kusurwa da wuya ya ɗaga kai a gaban 'ya'yan masu binsa, kuma shi ne ya fi saurin faɗawa tarkon karɓar na goro a lokacin jarrabawa, laifin da dokar satar jarrabawa ta 1999 ta tanadar wa hukunci. Haka nan ɗaukar malami ta hanyar takardar ɗan siyasa na ɓata sunan waɗanda suka cancanta. Yadda ake gyara ma yana da tasiri. Lokacin da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017 ta kuma sallami fiye da 21,000, an baza takardun wasunsu a kafafen yaɗa labarai. Matsalar da aka gano ta gaskiya ce, amma dariyar da ta biyo baya ta isa kunnen yara a duk faɗin Arewa, har da azuzuwan malaman da ba su faɗi kowace jarrabawa ba. Mai duba makarantu da ya tsawata wa malami a gaban ajinsa shi ma irin wannan ɓarna yake yi, ko da a ƙaramin ma'auni.

7.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa malamin allo ya samo ƙimarsa daga shaidar jama'a, malamin boko kuma ya fara samun tasa daga albashi da kusanci da hukuma. Da wannan tushe na biyu ya yi rauni daga shekarun 1980, sai malaman biyu suka haɗu a kan ma'auni ɗaya: sanin abin da ake koyarwa, adalci tsakanin yara, kiyaye tazara, tsabtar jiki da ta harshe, da horo marar zalunci, sannan gari ya ga cewa malamin da ke aji shi ne dai wanda ke kasuwa da masallaci. Wannan na nuna cewa kwalejojin horar da malamai na jihar, irin su Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsinma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, za su amfana in suka koyar da ɗa'ar aikin koyarwa da kalmomin da iyayen yara ke auna malami da su, wato amana da kunya da adalci da kamun kai. Haka kuma fage ne a buɗe ga masu nazarin Hausa su tattara laƙabobin da ɗalibai ke yi wa malamansu, da sauyin kalmomin kira daga "Allah ya gafarta malam" zuwa "sa" da "anti" da "ankul" a makarantu masu zaman kansu, domin a cikin waɗannan kalmomi ake iya karanta matsayin da malami ke da shi a idon yaran ƙasar Daura a yau.